Kundin aiki: mayar da kwanson .303 harsashin tagulla na .410

17 ga Fabrairu, 2024

Bindigar ta shigo hannuna bayan an gama cike-ciken takardu a shagon dila a nan Ohayo. Lee-Enfield ce samfurin No. 1 Mk III, irin wadda Ingila ta yi yaƙin duniya na ɗaya da ita, sai dai wannan ta bi ta masana'antar Ishafur da ke kusa da Kalkata a Indiya. Tun shekarun 1920 masana'antar ta riƙa ɗaukar tsofaffin raifuloli tana rarake bututunsu, a share murɗaɗɗen tsagin da ke ciki ya koma sumul, faɗinsa inci .410. Gidan harsasai goma da ke ƙasa an cire shi, an toshe ramin da katako, bindiga ta koma mai cin ɗaya-ɗaya. 'Yan sanda da gandirobobi aka yi wa ita, masu buƙatar abin da zai tsorata na kusa ba tare da harsashi ya tafi mil guda ya sami wanda bai ji ba bai gani ba.

Na sa mata harsashin .410 na roba, irin na kanti, ya shiga rabi ya cije. Haka nake fata. Ma'anarsa ɗakin harsashinta na asali ne, ba a taɓa shi ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka shigo da su Amurka an faɗaɗa musu ɗaki don su ci harsashin kanti mai inci 3. Tawa ta tsira. Indiyawa ba harsashin farauta suka yi mata ba: kwanson .303 British suka ɗauka tun kafin a matse masa wuya, suka bar shi a miƙe, suka ɗura. Wannan harsashi an daɗe da daina yinsa, don haka mai irin wannan bindiga zaɓi biyu gare shi. Ko ya kai ta a rarake ɗakin, ko ya sami kwanson .303 ya buɗe masa wuya da kafaɗa ya miƙe. Na zaɓi na biyu. Ƙarfen da aka rarake ba ya dawowa, ni kuwa ban ga dalilin ɓata abin da ya kai wannan shekaru a yadda yake ba don kawai in huta da aiki.

Magana ɗaya kafin a yi nisa, saboda na san inda yawancin masu karanta Hausa suke. A Amurka dokar tarayya ta yarda wanda ya halatta ya mallaki bindiga ya ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, lasisi sai in zai sayar. A Najeriya ba haka ba ne, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi ba da izinin hukuma ba. Kuma ba za a ga sunan albarushi ko adadinsa a kundin nan ba.

24 ga Fabrairu

Kafin in sayi kwanso ko ɗaya na kai ta wurin maƙerin bindiga, wani dattijo da ke da shago a bayan gidansa. Abu biyu na roƙe shi: ya duba ratar da ke tsakanin fuskar sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ɗaki ya kulle shi, da mazaunin leɓen harsashi, kuma mu ɗauki siffar ɗakin.

Na farkon bai ɗau lokaci ba. Ƙa'idar sojan Ingila ga .303 ita ce ratar kada ta gaza inci .064, kada ta wuce .074. Sakata ta rufu a kan ƙaramin ma'auni, ta ƙi rufuwa a kan babban. Lafiya ke nan.

Na biyun shi ne mai daɗin kallo. Akwai wani haɗin ƙarfe da ake kira Cerrosafe, yawancinsa bismut ne da dalma, yana narkewa tun ruwa bai tafasa ba. Ana toshe bututu da tsumma a ɗan gaban ɗakin, a zuba shi, ya daskare. Halinsa shi ne a rabin awar farko yana ɗan tsukewa, sai a buga shi ya fito cikin sauƙi, in ya cika awa ɗaya kuma ya koma daidai girman ramin da aka zuba shi. Lokacin ake awo. Dattijon ya ajiye agogo a kan benci, ya ce kada in taɓa ma'auni sai ya ce.

Abin da ya fito ya tabbatar da labarin. Gindin ɗakin na .303 ne, wanda a takarda faɗinsa inci .460, daga nan yana tsukewa a hankali har baki, babu kafaɗa ko kaɗan. Harsashin .410 na kanti gindinsa wajen .470 ne, shi ya sa ya cije. Kashi goma cikin dubu na inci, abin da ido ba ya rabewa, shi ya haifar da duk aikin da ke gabana. Na naɗe sandar a takarda na rubuta kwanan wata. Duk kwanson da zan yi da ita zan gwada shi, ba da lambar da aka buga a jikin bindiga ba.

2 ga Maris

Neman kwanso. Wani a kulob ɗinmu ya ba ni jaka guda ta tsofaffin kwansayen soja kyauta, na zazzage su a tire na haska cikinsu da tocila. Kusan duka ramuka biyu ne a ƙasa. Waɗannan ba su da amfani a wurina.

Bayanin shi ne furaima, ɗan ƙoƙon da ke tsakiyar gindin harsashi wanda allurar bindiga ke sara, iri biyu ne. Akwai na Boxer, mai rami ɗaya a tsakiya, wanda ake tura siririn ƙarfe ta ciki a fitar da tsohon a sa sabo. Akwai na Berdan, mai ƙananan ramuka biyu a gefe, wanda fitar da shi wahala ce, samun sabonsa a nan kuma ya fi wahala. Abin dariyar, Edward Boxer Bature ne na Ingila, jami'i a ma'aikatar makamai ta Wulwic, amma Amurkawa suka rungumi nasa. Hiram Berdan Ba'amurke ne, nasa kuma sojojin Turai suka ɗauka, har da Ingila. Don haka yawancin .303 na soja Berdan ne. Na tsinci 'yan kaɗan masu tambarin HXP na Girka, su Boxer ne, na ware su. Sauran na mayar wa mai su da godiya.

A ƙarshe sabo na saya, ƙunshi ɗaya mai guda 50 na kamfanin Prvi Partizan na Sabiya. Sabon kwanso bai sha wuta ba, ba a ja shi ba, kuma na san tarihinsa.

Mutane biyu sun ce me ya sa ban ɗauki .444 Marlin ba, tunda shi dama a miƙe yake. Gaskiyarsu, in bindigar .410 ta yau da kullum ce, irin mai karyewa biyu a sa mata harsashi. Kwanson .444, wanda ya fito a 1964, gindinsa .470 ne, tsawonsa inci 2.225, kusan a sa shi kawai. Mai ɗakin inci 3 kuma yana da 9.3x74R na Jamus, wanda tsawonsa ya kusa inci 3. Akwai ma na tagulla da Magtech na Brazil ke sayarwa a shirye. Duk waɗannan an yi su ne daidai ɗakin .470, ba sa shiga tawa.

9 ga Maris

Yau gashi. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ne, 30 tutiya, kuma tana taurara ne da aiki: duk lanƙwasawa ko ja yana ƙara mata tauri har ta tsage. Wuyan .303 an yi shi ya riƙe harsashi mai faɗin .311, ni kuma ina so ya buɗe zuwa wajen .410. Ba zai yi wannan tafiya da taurinsa ba. Sai an gasa shi ya yi laushi.

Inda hatsarin yake shi ne gindi. Shi dole ya zauna da taurinsa, don shi ke tare wuta daga fuskar mai harbi. Kwanson da zafi ya kai gindinsa ya mutu, a matse shi da filaya a jefar, kada a yi ta shawara. Saboda haka na shafa fenti mai gane zafi, Tempilaq, na digiri 750 a ma'aunin Farenhait a cikin wuya, da wani mai narkewa a ƙasa da haka a tsakiyar jiki don ya zama mai gadi. Kwanso a cikin soket a bakin injin huda yana juyawa a hankali, harshen wutar gas a kan kafaɗa, da fentin wuya ya narke sai in karkata shi ya faɗa bokitin ruwa. Ruwan ba ya taurara tagulla yadda yake yi wa baƙin ƙarfe, aikinsa kawai ya tsayar da zafi kada ya gangara.

A ɗaki mai duhu-duhu na yi, don in ga launi. Wasu na cewa a bari ya yi ja. A ganina in ya yi jan da ake gani sarai an wuce gona da iri, bakin zai yi laushin da ba ya riƙe komai. Na gasa har ɗan ƙasa da kafaɗa, fiye da yadda ake yi wa kwanson raifil, tunda kafaɗar ce za ta fi shan wuya.

Na shanya su a tanda mai ɗan ɗumi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in dai tiren kek ɗina ne wannan, ka riƙe shi, na yafe." Ta yi daidai, abin da ya taɓa kayan harbi ba ya komawa kicin.

Azumi jibi ko gata. Na tattara komai sai bayan Salla.

20 ga Afrilu

Buɗe wuya da injin matsa. Ba a tsallakawa daga .311 zuwa .410 a tashi ɗaya. Na bi da matakai, da ƙarafan buɗa baki masu tsini: .338, sai .358, sai .375, da ɗan man shafawa a cikin wuya kowane karo. Ana jin abin a hannu. In ya tafi sumul, to. In ya yi gardama a tsaya, don abin da ke biyo baya shi ne kafaɗa ta lotsa ciki, kwanso ya durƙushe. Kaɗan sun yi haka, duk daga cikin na Girka, waɗanda dama an taɓa harba su.

Yanzu siffarsu ba kyau: wuya ya buɗe, ragowar kafaɗa tana nan kamar ƙugun kwalbar lemo. Amma suna shiga ɗaki, sakata tana rufuwa.

27 ga Afrilu

Filin harbi. Abin da injin matsa ya kasa, wuta ce ke ƙarasa shi. Ana sa furaima, da ɗan albarushi mai saurin ci, a cika sauran da garin alkama mai tsaki-tsaki, wanda a nan Cream of Wheat kowa ke amfani da shi, a toshe baki da takarda. Babu dalma, babu harsashi. In aka harba, garin ne ke riƙe iskar na ɗan lokaci har ta tura bangon kwanso ya manne da bangon ɗaki. Adadin maƙerin ne ya auna mini shi daidai wannan bindiga, muka fara daga ƙasa.

Duk da babu dalma, harbi ne sosai: tabarau, abin toshe kunne, baki yana kallon tudun ƙasa. Garin da ke fita zai iya raunata mutum a kusa.

Na farkon sun fito da inuwar kafaɗa, alamar ƙarfin bai isa ba. Da aka ɗan ƙara sai suka riƙa fitowa a miƙe sambal, in ka jera su da sandar Cerrosafe kamar uwa ɗaya. Wani da ke tebur na gaba ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce shekara da shekaru yana harbi bai taɓa jin filin yana ƙanshin gasasshen burodi ba. Bututun yana zafi da wuri, kuma ƙonannen gari yana taruwa a gaban ɗaki, sai ana bi da buroshi a kai a kai. In aka bar shi yana yi wa kwanso na gaba tabo a jiki.

Biyu sun tsage a baki. Tsagar gajeriya ce, zan gani ko datsewa za ta cinye ta.

11 ga Mayu

Kwanson da ya faɗaɗa dole ya gajarce, tagullar daga tsawo take rantowa. Sun fara a inci 2.222, yanzu duk sun gaza haka, kuma bakin wasu ya karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo. Na nemi mafi gajarta a cikin masu kyau na datse sauran daidai da shi, na goge bakin da magagari mai laushi. Ɗaya daga cikin masu tsagar ya tsira.

Wani zai ce inci biyu da ɗan ɗoriya ya yi kaɗan, tunda ƙaramin harsashin kanti inci 2½ ne. Amma wancan awon na kwanson roba ne bayan an harba, bakinsa a buɗe. Kafin harbi an naɗe bakin zuwa ciki, ya ci kusan kwatan inci. Na tagulla ba a naɗe masa baki, kwali ake sawa a rufe. Wurin ɗuri kusan ɗaya ne.

Daga nan ne aikin ya canza fuska, kuma na fara gane cewa miƙar da tagulla shi ne ɓangare mai sauƙi. Harsashin warwatse jeri ne: albarushi a ƙasa, matoshi mai tauri a kansa wanda zai hana iska wucewa, matoshi mai laushi da zai rage wa dalma bugu, ƙwayoyin dalma, sai kwalin rufi. Kwanson roba cikinsa kusan faɗi ɗaya ne daga sama har ƙasa, an kuma yi masa matoshin roba daidai shi. Kwanson raifil ba haka yake ba. An gina shi ya ɗauki matsin da ya kai fam 49,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali iyakar .410 mai inci 2½ fam 12,500 ne. Don haka bangonsa siriri ne a baki, yana kauri yana gangarawa, ga shi dama waje ma ɗakin tsukakke ne. Matoshin da ya zauna daram a baki, in ka tura shi ƙasa sai ya lanƙwashe ya zama ƙoƙo. Wanda ya zauna daidai a ƙasa kuma yana lilo a baki, wato a daidai inda ake so ya tare iska yana barinta ta wuce.

Masu .444 matsalarsu akasin tawa ce: cikin nasu ya kai wajen .430, matoshin .410 na kanti yana faɗawa ciki kamar ba a sa komai ba, sai sun nemi mai girma. Ni nawa girman baki ya yi daidai, zurfin ne ke gardama.

Na auna faɗin ciki a zurfi daban-daban da sandunan awo, na zana shi a takarda. Na yi odar mahujin kwali girma biyu da na ulu.

25 ga Mayu

Kawu ya kira daga gida, hira ta kai ga aikin. Da ya ji .303 sai ya yi shiru, ya ce, "Kai ɗan nan, ai ita ce bindigar da Baba ya riƙe a yaƙin Bama." Haka ne. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Bama, waɗanda Hausawa suka cika su, Lee-Enfield suka ɗauka, kuma ta Indiya suka bi suka shiga. Na ce, "Kawu, wannan an cire mata haƙora, sai zomo." Ya ce zomon ma sai na same shi tukuna.

Mahujin bai iso ba.

22 ga Yuni

Ɗurin gaske na farko, da harbi a takarda. Jerin da na fara da shi: kwali mai kauri a kan albarushi, ulu a kansa, dalma lamba 6 (lambar girman ƙwaya ce) kaɗan ƙasa da rabin oza, sai siririn kwali da gam. Oza ɗaya ta lamba 6 ƙwaya wajen 225 ce, ke nan abin da nake harbawa ɗari da 'yan kai ne. Wanda ya saba da babbar bindiga mai lamba 12, wadda ke watsa oza guda ko fiye, zai ga wannan ba yawa. Shi ya sa a .410 kowace ƙwaya da ta kauce asara ce.

Furaima na raifil babba na sa, wanda ramin .303 ke ɗauka. Allurar Enfield tana da ƙarfi, ba ta ƙi ko ɗaya ba. Masu bindiga mai karyewa su ke kukan wani lokaci gudumarsu ba ta iya fasa shi. Lissafin ɗurin da kamfanoni ke bugawa kuwa na kwanson roba ne da furaima lamba 209 da matoshin roba. Ba a kwafo shi kai tsaye a zuba a tagulla, shi ya sa na sake komawa wurin dattijon muka zauna da littattafansa.

Na kafa faffaɗar takarda a yadi 25, na zana da'ira mai faɗin inci 30. Sakamakon farko bai yi daɗi ba: ƙwayoyi sun yi zobe, tsakiya fayau. Zomo zai iya zama a tsakiyar ya yi hamma. Ƙarar ma ba ɗaya ba ce, wani harbin "tau", wani "fuf". Wannan rashin daidaito shi ya tona asirin, iska ce ke zagaye matoshi tana shiga cikin dalma tana tarwatsa ta.

Na dawo gida na canza abu ɗaya kacal. Kwali biyu a kan albarushi maimakon ɗaya: ƙarami a ƙasa wanda ya dace da zurfin, babba a kansa wanda gefensa ke ɗan tashi ya manne da bango, da ulun da aka ɗan jiƙa da kakin zuma. Da yamma na koma. Ƙarar ta daidaita, ramin tsakiya ya rufe. Watsuwar tana da faɗi har yanzu, amma wannan halin bindigar ne, bututunta ba shi da matsi a baki irin na bindigogin farauta, faɗi ɗaya ne har ƙarshe. A yadi 25 ta yi sako-sako. A yadi 15 zuwa 20 ba ni da ƙorafi.

Dalma tsirara tana gogar bututu tana barin shafe. Buroshin tagulla ya fitar da ita ɓarɓashi-ɓarɓashi.

13 ga Yuli

Gam. Ban zaci zai ci mini lokaci haka ba. Kwalin rufi ba abin da ke riƙe shi sai shi, kuma ana so ya riƙe da ƙarfin da harsashi zai yini a aljihu bai zube ba, ya kuma sake gaba ɗaya in an harba.

Gam na kyandir, wanda ake narkawa da ɗan injin lantarki, ya fi sauƙin sawa. Na bar 'yan kaɗan a mota da rana, da na dawo kwali ya zame, dalma tana yawo a akwati. Ya fita daga lissafi. Farin gam na makaranta yana riƙewa, amma yana barin zobe a cikin baki wanda sai an kankare kafin ɗuri na gaba. Na ƙarshe shi ne ruwan gilas, sodiyam silikat, wanda masu ɗura kwanson tagulla suke amfani da shi tun zamanin baƙin albarushi. Ɗigo kaɗan a kewayen kwali, ya kwana, ya bushe ƙandas. Harbi yana farfasa shi, ruwan ɗumi yana wanke saura. A kansa na tsaya. Mutanen zamanin da ba wawaye ba ne.

Wajen wanki kuma, ruwan ɗumi da sabulu da ɗan garin tsamin lemo sun isa. Man goge tagulla na kanti mai ammoniya ba ya kusantar benci na. Wannan darasi ma daga Indiya ya fito. Sojojin Ingila sun riƙa ajiye harsasai a bargar dawakai lokacin damina, in rani ya yi sai a tarar kwansaye sun tsattsage ba wanda ya taɓa su. Sai a 1921 aka gano cewa ammoniyar fitsarin dawaki ce ke cin tagullar da ke cikin matsi.

Bayan kowane zama ina wanke hannu kafin in taɓa abinci, tsofaffin furaimomi kuma suna cikin kwalba mai murfi, don ƙurarsu akwai dalma. Yara ba sa shiga garejin.

10 ga Agusta

Kwansayen sun zagayo sau da dama, har yanzu suna shiga ɗaki da turin yatsa, ba su nemi a matse su ba. Matsin da suke sha kaɗan ne a kan abin da aka gina su don shi. Abin kiyayewa kawai kada wani ya kuskura ya sa su a ƙarfen gyaran .303 na yau da kullum, zai mayar musu da wuya da kafaɗa, aikin wata da watanni ya rushe. Fitar da furaima da ƙarfe mai faɗin ciki nake yi, wanda ba ya taɓa jiki.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Gindinsu har yanzu "303 British" aka rubuta. Nawa ba za su shiga raifil .303 ba, bakinsu ya yi faɗi. Amma harsashin .303 na gaske zai shige ɗakin wannan bindiga salin-alin, sakata ta rufu, tunda gindi da leɓe ɗaya ne. Saboda haka na shafa wa gindin nawa jan fenti, akwatinsu daban da rubutu a kai, kuma ranar da na fita da wannan bindiga ba na ɗaukar .303 ko guda.

An tambaye ni ko akwai riba. Harsashin .410 na kanti ya fi na lamba 12 tsada duk da ƙanƙantarsa, wannan gaskiya ne, kuma kwanson tagulla yana daɗewa. Amma in na haɗa mahuji da fenti da ƙarafan buɗa baki da ladan maƙeri, wanda ke neman arha gara ya sayi mai karyewa ta zamani ya huta. Bindigar nan nauyinta ya kusa kilo huɗu, ga abin saitinta na soja ne, ba a yi ta don bin abin da ke gudu ba.

7 ga Satumba

An buɗe farautar kurege a Ohayo tun 1 ga wata, ban fita ba. Kurege yana can ƙololuwar bishiya, nisan da watsuwar nan ba za ta kai da tsabta ba, ni kuma ba na son raunata dabba in bar ta. Zomo nake jira, farkon Nuwamba, shi a kusa yake tashi. Agwagwar ruwa kuwa babu ita a lissafi, tun 1991 aka hana harbinta da dalma a duk Amurka.

Kafin lokacin ina gwada naɗe ƙwayoyin da 'yar takarda mai ƙarfi a cikin kwanso, a tsaga ta gida uku, don ta raba dalma da bangon bututu. Takardun gwajin farko sun nuna da'irar ta ɗan tsuke, shafen dalma ma ya ragu sosai, sai dai naɗin yana cin wuri, dole ulu ya ragu. Zan gwada lamba 7½ ma, wadda oza ɗaya take da ƙwaya wajen 350, in ga ko yawa zai cike gurbin da nauyi ya bari a yadi 20.

Bakin wasu kwansaye ya fara tauri, ana ji wajen tura kwali. Asabar mai zuwa zan sake gasa su, baki kawai wannan karon. Fentin 750 ya bushe a kwalba, sai na sayi ruwan tsinka shi.